Ba kowane ƙarancin jini ne na Maltina da madara ba

A garin nan namu na Kaduna in mutum ya ce jiri yake ji, ko ya ce in ya hau bene sai ya tsaya yana haki, kafin ya rufe baki an gama yi masa aikin likita, wai jininka ne ya yi ƙasa. Daga nan sai shawarwari su fara sauka, wannan ya ce a haɗa Maltina da madarar gwangwani, waccan ta ce a matse ganyen ugu, wata ta ce ai zoɓo jini ne zalla ba ka ga kalarsa ba, in kuwa aka je kemis yaron shago ya miƙo kwalbar maganin ƙarin jini ya ce cokali biyu safe da yamma, shikenan an sallame ka. Ni ban raina ko ɗaya ba fa, wani ma yakan yi amfani. Inda nake da ja shi ne yadda muka mayar da ƙarancin jini ciwo guda mai magani guda, alhali akwai wanda zazzaɓin sauro ya jawo, akwai na rashin sinadarin ayon (wato ƙarfe), akwai na zubar jini, akwai na sikila, sannan akwai wani da ba kasafai ake kawo shi a rai ba, kuma shi ba a jini kaɗai yake tsayawa ba, har jijiya da laka yake taɓawa. Wannan shi ne na ƙarancin bitamin B12, wanda a takardun likitoci ake rubuta shi kobalamin.

Abin da babban mutum ke buƙata a rana maikurogiram 2.4 ne kacal, shi kuma maikurogiram kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram guda, wato abin da ido ma ba zai gani ba. Mai juna biyu 2.6, mai shayarwa 2.8. Amma duk ƙanƙantar nan tasa jikinmu bai iya haɗa shi ba, itatuwa da ganyayyaki ma ba su iya ba, kai ko saniyar da muke samunsa a namanta ba ita ke yi ba. Wasu ƙwayoyin bakteriya ne kaɗai Allah Ya ba su wannan fasahar. Suna nan zaune a tumbin saniya da rago da akuya, dabbar ta ci ciyawa mai ɗan sinadarin kobalt da ta tsotso daga ƙasa, su kuma su sarrafa shi ya zama bitamin, ya shiga nama da hanta da nono. Mu ma muna da irin bakteriyar a babban hanjinmu, kuma suna yin sa, sai dai wurin da jiki ke tsotsar B12 yana can baya a ƙarshen ƙaramin hanji, an riga an wuce shi, don haka namu na gida bayan gida yake tafiya. Dole dai sai an ci daga waje, kuma daga dabba.

Nan ne zancen awara ya shigo. Duk wanda ke zagaya Tudun Wada da Rigasa da Unguwar Sanusi da yamma ya san yadda kaskon awara ya mamaye ko'ina tun da nama ya fi ƙarfin aljihu, har a miya wasu ke jefa ta a madadin tsoka. Awara abinci ce mai kyau, tana gina jiki, ban ce a daina ba. Amma waken suya ne, B12 babu shi a ciki. Haka wake, haka gyaɗa, haka zogalen da muka ɗora wa maganin kowace cuta, haka ugu da zoɓon. Cukun da ake yi da nonon shanu yana da shi, duk da a ido suna kama da awara. Abin dariyar ma a haɗin Maltina da madaran nan, madarar ce mai B12 na asali.

Toh me yake yi a jiki? Aiki biyu ne manya. Na farko a ɓargo, inda ake ƙera jajayen ƙwayoyin jini dare da rana. Kafin ƙwayar halitta ta rabu biyu sai ta kwafi DNA ɗinta, wato kundin gadon halittar da ke cikinta, kuma wannan kwafin ba ya yiwuwa sai da folik asid da B12 tare. In babu, ƙwayar sai ta yi ta girma ba ta rabu ba, a samu ƙwayoyi manya-manya amma 'yan kaɗan, da yawansu ma tun a cikin ɓargon suke mutuwa ba su fito ba. Sai mutum ya ɗashe, ga kasala, ga bugun zuciya, wani idonsa ya ɗan yi ɗorawa-ɗorawa a ce shawara ce a dafa masa saiwa. Na biyun shi ne a jijiyoyin da ke kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da sauran jiki, akwai wani rufi mai maiƙo da ya naɗe su, B12 na cikin masu kula da shi, in ya yi ƙaranci rufin nan sai ya fara lalacewa, tun daga tafin ƙafa har cikin laka.

A nan ne tarkon yake, kuma wallahi shi ya sa na zauna rubuta wannan. Yawancin magungunan ƙarin jinin da ake sayarwa suna da folik asid. In mai ƙarancin B12 ya yi ta shan folik asid, ɓargonsa na iya farfaɗowa, jini ya hau, a auna PCV, wato awon yawan jini, a ce Alhamdulillahi ya dawo daidai, alhali jijiyar tana can tana ci gaba da lalacewa don ita folik asid bai yi mata komai ba. An kashe ƙararrawa, wutar na ci. Wasu kwalaben akwai ɗan B12 a ciki, amma ga wanda cikinsa ba ya iya tsotsa wannan ɗan kaɗan ɗin ba lallai ya kai ko'ina ba. Ga shi mu nan folik asid ba baƙo ba ne, masu sikila kullum sai sun haɗiya, masu zuwa awo ma haka, kuma daidai ne su sha, kada wata ta ce na ce ta daina. Magana dai ita ce in ana sha kuma ƙafa ta fara minjirya, a gaya wa likita.

Na ce wanda cikinsa ba ya iya tsotsa, bari in yi bayani don wannan ne mutane ba su sani ba, suna ɗauka duk mai cin nama ya tsira. B12 amarya ce, ba ta shiga gidan miji sai da 'yan rakiya. In ka ci nama, sai ruwan tsamin da ke cikin tumbi ya fara ɓanɓare bitamin ɗin daga jikin naman. Sannan wani sinadari da bangon tumbin ke fitarwa ya riƙo hannunta ya raka ta har ƙarshen ƙaramin hanji, can ne ƙofar take, kuma in ba a ga ɗan rakiyar nan ba ba a buɗewa, abin da ke silalewa ya shiga shi kaɗai bai wuce kashi 1 cikin 100 ba. Akwai mutanen da garkuwar jikinsu ke juyowa ta cinye ƙwayoyin da ke yin sinadarin rakiyar, irin waɗannan ko rago guda suke ci a rana a banza.

Da can wannan ciwon kisa yake yi kai tsaye. Wani likita a Landan, Thomas Addison, ya siffanta shi tun 1849, aka yi shekaru da dama ana kallon masu shi suna ƙarewa babu abin yi. Sai a 1926 George Minot da William Murphy a Boston ta Amurka suka gwada ɗura wa marasa lafiya 45 hanta kusan ɗanya, har wajen giram 240 kullum, jama'a suka miƙe. Sun ɗauko dabarar ne daga George Whipple, wanda ya riƙa zuƙe jinin karnuka yana ba su hanta yana ganin jinin ya dawo, su ukun aka ba su kyautar Nobel a 1934. Daga baya aka gane karnukan nan ayon ɗin da ke cikin hantar ne ya tashe su ba B12 ba, wato ciwo daban magani daban, dace ne kawai aka yi hanta na ɗauke da duka biyun. Ka ga tun a wancan lokacin ma masana sun cakuɗa ƙarancin jini biyu, balle yaron kemis.

Wanda ya gano zancen ɗan rakiya kuwa William Castle ne, wajen 1929, kuma yadda ya yi abin sai mai ƙarfin zuciya. Shi da kansa yake haɗiye niƙaƙƙen naman sa ɗanye, ya bari ya yi kamar awa guda a cikinsa, ya dawo da shi waje, sannan a zura wa marar lafiya ta roba. In an ba su naman haka nan ba ya aiki, in ya biyo ta cikin mai lafiya sai jini ya hau. Allah Ya sa mun zo a zamanin allura. A 1948 aka tace bitamin ɗin shi kaɗai, ja wur da shi saboda kobalt ɗin da ke tsakiyarsa, shi ya sa allurarsa take ja. Wata baturiyar Ingila, Dorothy Hodgkin, haifaffiyar Alƙahira, ita ta gano yadda ƙirarsa take a tsakiyar shekarun 1950, kuma lokacin da labarin Nobel ɗinta ya zo a 1964 tana Ghana wajen mijinta da ke aiki a jami'a a can.

Mu dawo gida. Abubuwa biyu ne suka fi ba ni tsoro a nan Kaduna, olsa da suga. Kusan kowane gida akwai mai cewa yana da olsa, kuma omeprazole ya zama kamar goro, ana saye ba takarda, wani ya shekara biyar yana sha kullum da asuba ba wanda ya taɓa duba shi. Aikin maganin shi ne rage ruwan tsamin tumbi, toh ai shi ne ruwan da ke ɓanɓare B12 daga nama. Na sati biyu ko wata guda ba matsala, na shekaru ne abin dubawa. Ita kanta ƙwayar cutar H. pylori da ke jawo yawancin olsar, in ta daɗe tana cin bangon tumbi tana rage tsamin. Tsufa ma haka yake yi ko ba magani, shi ya sa dattawa suka fi shiga wannan hali. Sai metformin, maganin da kusan duk mai suga ke farawa da shi, magani ne nagari mai araha, amma yana hana hanji tsotsar B12 yadda ya kamata. A 2022 hukumar kula da magunguna ta Birtaniya ta fito ta ce abin na iya shafar har mutum 1 cikin 10 na masu shan sa, musamman masu shan da yawa da waɗanda suka daɗe a kai.

Matsalar ita ce suga da kanta tana kashe jijiyar ƙafa, don haka in mai suga ya ce tafin ƙafarsa na zugi kowa sai ya ce ai sugar ce. Haka aka yi da gwaggona. Ta daɗe a kan metformin, ta fara cewa kamar kiyashi na bin ƙafarta, daga baya silifas ya riƙa fice mata tana tafiya ba ta sani ba sai jikoki sun biyo ta da shi, in aka ɗauke wuta da dare kuwa ba ta iya zuwa alwala sai ta dafa bango, don ƙafar ba ta gaya mata inda ƙasa take, da ido take tafiya. Ga mantuwa, ta ajiye carbi ta tashi gida da faɗa wai an ɗauke mata. 'Yan uwa suka kasu, masu cewa sanyi ne, masu cewa tsufa ne, har da masu raɗe-raɗin an yi mata wani abu ne. An sha kwalaben ƙarin jini ba adadi. Ranar da na kai ta ganin likita wani matashi muka samu, ya sa ta tsaya ta haɗe ƙafafu ta rufe ido, nan take ta yi tangaɗi sai da na tare ta. Ya ce, "Mama, shekara nawa kina shan wannan maganin? An taɓa auna miki B12?" Ta juyo ta kalle ni ta ce, "Ɗan nan, mene ne kuma bituwal?" Aka auna, yana ƙasa sosai, aka fara allura. Ƙarfin jiki da cin abinci suka dawo da wuri, rikicin carbi ya ragu, ƙafar ce ta ɗauki watanni kuma har yau ba ta koma yadda take da ba. Likitan ya faɗa tun farko, jijiya in ta daɗe a lalace ba duka take dawowa ba. Metformin ɗinta kuma bai ce ta daina ba, tana nan tana sha, allurar aka ƙara mata kawai.

Akwai wata alama da mu baƙaƙen fata ya kamata mu sani, don littattafan turawa ɗashewa suka fi ambata. Ƙarancin B12 na sa gaɓoɓin yatsu su yi baƙi ƙirin, wani lokaci har tafin hannu da na ƙafa. A garin nan kuwa mace ta fito da baƙin gaɓoɓi an gama yanke mata hukunci, bilicin take yi. Wata baiwar Allah ko man kanti ba ta shafawa. Harshe ma yakan yi ja ya yi sumul yana raɗaɗi, mutum ya kasa cin yaji.

Abin da ke sa ciwon ya yi sanɗa shi ne jikinmu na ajiye B12 mai yawa, miligiram 2 zuwa 5, musamman a hanta, wanda zai iya riƙe mutum shekara uku zuwa biyar ko da ya daina samu gaba ɗaya. Don haka gidan da nama ya ɗauke musu bana ba bana za a ga abin ba. Wanda ba shi da wannan ajiyar shi ne jariri. Abin da uwa ta ba shi a ciki da wanda ke cikin nononta shi ke nan gare shi, in ita ba ta da shi, cikin watanni yaro zai yi laƙwas, ba ya zama, ba ya murmushi, ba ya son abinci, kuma ƙwaƙwalwar da ke tsakiyar girma ce ke biyan bashin. Ashe iyayenmu da suka dage sai mai jego ta ci kauri da gasasshen nama da farfesun kayan ciki sun san abin da suke yi, ko da ba su san sunan bitamin ba. Yanzu kuwa an bar mai jego da kunun kanwa da shayi, kuɗin ya tafi anko da ɗaukar hoto ranar suna.

In ana maganar abinci, babu kamar hanta. Dafaffiyar hantar sa giram 85 tana da wajen maikurogiram 70, ka kwatanta da 2.4 ɗin da ake nema. Ƙoda ma na da shi sosai. Kifi titus da sadin na gwangwani suna da shi da kyau, ƙwai ɗaya wajen rabin maikurogiram, kofin madara ya ɗan haura ɗaya, nono da kindirmo ma haka in dai ba wanda aka cika da ruwa ba ne. Sai dai kada wani ya ce ai na ci hantar layya na more, ta ishe ni sai baɗi. 'Yan rakiyar nan ba su da yawa, a zama ɗaya abin da suke iya shigarwa bai wuce maikurogiram biyu ba, sauran sai ɗan abin da ya silale. Kaɗan-kaɗan a kai a kai ya fi. Wanda zai iya leƙa Zango ko wajen mahauta a unguwa ya yanko hanta ko ta ɗan kuɗi kaɗan sau ɗaya a sati, ya haɗa da ƙwai ko kindirmo sauran ranaku, in cikinsa lafiya lau ne ya wadatar. Mai juna biyu ce kawai za ta yi hankali da hanta, bitamin A ya yi mata yawa a ciki kuma yana iya cutar da ɗan tayi, gara ta koma kifi da ƙwai da nono da tsoka.

Zancen gwaji kuma, PCV ɗin da aka fi yi mana yawan jinin kawai yake faɗa, ba ya faɗin dalili. Cikakken awon jini shi ke nuna girman ƙwayoyin, a takardar za ka ga MCV, in ya haura 100 ƙwayoyin sun yi girma ke nan. Amma shi ma ba a dogara da shi ɗari bisa ɗari, don in mutum na da ƙarancin ayon a lokaci guda, wanda shi ƙanƙantar da ƙwayoyin yake yi, sai su haɗu lissafin ya fito daidai. Akwai gwajin B12 ɗin kansa, manyan asibitoci da ɗakunan gwaji masu zaman kansu na yi, da ɗan tsada gaskiya. Kuma a ɗebi jinin kafin a fara allura, in ka riga ka je an tsira maka a kemis sakamakon zai fito sama ya ruɗa likita. Wanda matsalarsa rashin ci ne ƙwayar B12 ta sha ta ishe shi, wanda ya rasa ɗan rakiya ko aka yanke masa wani sashe na tumbi ko hanji, nasa maganin na har abada ne, bayan allurai na farko a jere sai a koma lokaci-lokaci.

Su kuma masu zuwa kemis a yi musu allurar bikwamfiles, wato haɗin bitamin B, duk lokacin da suka gaji, in B12 ɗinka daidai yake ƙari ba ya ƙara maka ƙarfi, fitsari yake bi. Ɗorawar da fitsarin ke yi ma har mutum ya ce magani na aiki, B2 ne ke fita. Ƙwayoyin maganin jijiyar nan masu haɗin B1 da B6 da B12 su ma ba alewa ba ne, B6 in ya yi yawa aka daɗe ana sha shi da kansa yana kawo irin minjiryar da ake neman magancewa.

Sai wani sabon salo da ya shigo wa samari, shaƙar iskar gas ɗin dariya a balan-balan a wuraren fati, wanda har NDLEA ta ba da umarnin farautar masu sayar da shi a 2023. Iskar nan kai tsaye take zuwa ta lalata kobalt ɗin da ke tsakiyar bitamin ɗin, B12 yana nan a jini amma ya mutu ba ya aiki, har gwaji na iya nuna adadinsa daidai. Wannan ba ya jiran shekara uku, yaro ɗan ashirin mai cin tsire kullum yana iya wayar gari cikin makonni ƙafa ta ƙi ɗaukarsa, kuma in aka kai shi asibiti kunya ba za ta bari ya faɗi abin da yake shaƙa ba sai likita ya kore iyaye waje ya tambaye shi. Allurar ma ba ta yi masa aikin kirki in bai daina shaƙar ba.